Injin ban ruwa na sola da muka karɓa a rabin kuɗi, abinda na gani bayan rani biyu

Rani biyu kenan ina ban ruwa da injin sola a 'yar gonata ta fadama a yankin Haɗeja, kuma tunda aka fara raɗe-raɗin za a sake kawo wani rabo mutane ke tare ni a ƙofar masallaci da bakin kasuwa, wai shin abin nan yana da amfani kuwa ko dai mutum zai zuba kuɗinsa ne a banza. Toh bari in faɗi abinda na gani da idona, mai daɗin da mara daɗin, don wallahi banason wani ya sayar da akuyarsa ko ya ci bashi ya karɓi abinda bai dace da gonarsa ba.

Ni dai fetur ne ya kore ni zuwa sola, ba wani abu ba. Kafin 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai, lita bata kai naira 200 ba a gidan mai, mutum zai cika jarka ya tafi gona hankalinsa kwance. Cikin 'yan kwanaki ta haura 500, zuwa ƙarshen 2024 kuma mun sayi lita sama da naira 1,000, a wajen 'yan bumburutu ma ba a magana. Albasa kuwa bata san wannan zancen ba, ita dai ruwanta take so akan lokaci, tattasai haka, shinkafa kuma ita ce gaba a sha. Da yawa cikinmu suka juya injinansu zuwa gas, ka ga mutum ya ɗauro tukunya a bayan babur, shima gas ɗin ya bi sahu ya tashi. Akwai maƙwabcina a gona da ya bar rabin filinsa haka nan bai shuka komai ba a ranin, ba don rashin iri ko ƙarfi ba, kuɗin mai ne kawai ya gagara.

Ana cikin haka malamin gona ya zo wa ƙungiyarmu da maganar cewa akwai tallafin gwamnati na injin sola, manomi ya biya rabi gwamnati ta cike rabi. Aka karɓi lambar NIN ɗinmu da lambar waya, aka zo gona aka zagaye ta da waya aka auna, aka ɗauke ni hoto a bakin rijiya. Wannan ɓangaren gaskiya ya burge ni, saboda wanda bashi da gona ba zai iya tsayawa a bakin rijiyar wani a gaban mutanen gari ya ce tasa ce ba. Inda aka ɓata mana rai shine jira. Mun biya kuɗinmu tun da kaka, na sayar da buhunan shinkafa a lokacin da take arha don kar a rufe ban biya ba, amma kayan basu iso ba sai da hunturu ya yi nisa, lokacin na riga na dasa albasa na kuma sha kuɗin fetur na makonni. Sau uku muna zuwa ofishin ana cewa mu dawo. Duk wanda ya san noman rani ya san mako biyu ma ba ƙaramin abu bane, balle wata biyu.

Abinda ke cikin kayan: injin kansa, farantan sola, ɗan akwatin nan da ake kira kwantirola, wayoyi, da guntun mesa da bata isa komai ba sai da na ƙaro tawa. Babu batir, kuma wannan ya kamata kowa ya sani tun kafin ya biya, don wasu sun zaci za su riƙa ban ruwa da daddare kamar yadda suka saba. A'a. Rana ta fito inji ya tashi, rana ta faɗi inji ya kwanta, shikenan.

Yadda yake aiki kuwa, da safe wajen ƙarfe takwas zuwa tara ruwan sirit yake zuwa kamar na buta, sai wajen sha ɗaya yake cika bakin mesa, daga nan har zuwa ƙarfe uku yana bada ruwa sosai, bayan la'asar kuma ya fara ja da baya. Ko a lokacin da yake kan ganiyarsa bai kai injina na fetur mai inci uku ƙarfi ba, wannan gaskiya ce. Fangalin da da nake cikawa in wuce cikin ɗan lokaci yanzu sai na tsaya na jira shi. Makon farko raina ya ɓaci har na ce wa ƙanin mahaifina, Baffa anya ba mu yi asara ba kuwa, sai ya ce min kai yaro mu da muka yi ban ruwa da jigo, guga ɗaya-ɗaya tun asuba, ka bar shi ya yi ta zuba ai ba kuɗi yake ci ba. Kuma maganarsa ce ta fito, domin na daina ƙoƙarin shayar da gona gaba ɗaya a yini guda, na raba ta kashi uku, yau nan gobe can, kuma tun daga lokacin albasata bata taɓa yin yaushi don ƙishi ba.

Abinda ya fi min daɗi ba ma kuɗin fetur ɗin kaɗai bane duk da shine babba. Babu zancen baƙin mai, babu fulogi, babu kafireta ta toshe, babu jan igiya har kafaɗa ta yi tsami, babu hayaƙi babu ƙara, kana gona kana jin kukan tsuntsaye kana jin kiran sallah daga gari. Ƙanena ɗan shekara goma sha huɗu yana iya kunna shi ya kula da ruwa in na tafi kasuwa. Kuma man da ke ɗiga daga tsohon inji ya bi ruwa ya shiga fangalin farko, wanda kullum shukar wurin take fitowa a ƙanjame, yanzu babu shi. A ranin farko kuɗin da ban kashe a mai ba da shi na sayi taki na ƙara, a na biyu kuma na karɓi hayar wani ɗan fili kusa da nawa na zuba alkama.

Sai dai hazo, shine babban abokin gabansa. Ranar da hunturu ya sauko da ƙura sosai, irin wadda baka hango bishiyar da ke ƙarshen gona, ruwan na iya raguwa ya koma kamar rabi, wani lokacin ma inji ya yi ta tashi yana mutuwa. Kuma lokacin ne alkama ke tsakiyar buƙatar ruwa. Don haka ni ban sayar da tsohon injina na fetur ba kuma bana ba kowa shawarar ya sayar, ka ajiye shi da 'yar lita biyu-uku saboda irin wannan rana. Ƙurar da ke kwanciya a kan farantan ma tana cin ƙarfinsa ba kaɗan ba, dole kullum da sassafe kafin su yi zafi ka goge su da tsumma mai laushi da ruwa. Ka fuskantar da su kudu ka ɗan karkata su, kuma ka kiyayi inuwa, ko reshen darbejiya ɗaya ne ya rufe faranti guda sai ka ga ruwa ya ragu gaba ɗaya saboda a jere aka haɗa su. Duk waɗannan abubuwan babu wanda ya koya mana ranar rabo, an yi jawabi an ɗauki hoto an miƙa mana kwali, mu muka gano su da kanmu da kuma wani yaro mai haɗa sola a gidaje da ya taimaka mana.

Sai ɓarayi. Farantin sola kaya ne mai saurin shiga kasuwa, ba za ka bar shi a gona ka tafi gida ka yi barci ba. Ko dai ka kwana a bukka ko kuma kullum ka kwance ka loda a amalanke ka kai gida da yamma ka dawo da shi da safe, kuma a wannan ɗauka da saukewar ne ɗaya daga cikin nawa ya tsage a gefe. Daga baya mu huɗu da gonakinmu ke jere muka haɗa kuɗi muka sa mai walda ya yi mana firam na ƙarfe da kwaɗo, muna kuma karɓa-karɓar kwana. Wannan kuɗi ne da wahala da ya kamata mutum ya saka a lissafi.

Inda na fi jin zafi shine ranar da injin ya lalace. A tsakiyar rani na biyu, ana zafin nan na Maris, ruwan rijiya ya ja ƙasa inji ya fara jan yashi da iska, kafin yaron da ke kula da shi ya lura ya kashe har ya yi zafi ya tsaya. Na ɗauki takardar garanti na tafi shagon da aka ce su suka kawo kayan, mai shagon ya karɓe ni da mutunci ba laifi, amma ya ce Alhaji mu kawowa kawai aka ce mu yi, gyara ba a hannunmu yake ba, kuma kayan gyaran irin wannan samfurin babu su a nan. Bakanikenmu na gari wanda zai kwance injin fetur ya mayar ido rufe ya duba ya ce shi bai san kan wannan ba. Kwana tara gonata na kan fetur kafin a samo kayan gyaran a Kano. Da ace irin injin da ke ko'ina a kasuwa aka raba da ba a kai haka ba, shi yasa nake cewa duk wanda zai karɓa ya fara tambaya, in ya lalace wa zai gyara kuma ina ake samun kayansa, in ba a baka amsa mai gamsarwa ba ka yi tunani sau biyu.

Wannan maganar janyewar ruwa ina so in ɗan tsaya a kanta domin tana damuna. Da fetur ne, tsadarsa ke sa mutum ya kashe inji da zarar fangali ya cika. Yanzu da ruwa ya zama kyauta na ga mutane suna kunna inji su tafi hira, ruwa ya cika ya tumbatsa ya bi hanya, taki ya wanke ya tafi, albasa ta ruɓe a gindi. Mu kuma rijiyoyinmu duk daga tafki ɗaya na ƙarƙashin ƙasa suke sha, wanda ambaliyar kogi ke cikawa da damina. Iyayenmu suna bada labarin yadda fadamar nan take kafin a gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992, yadda ruwa ke malala ya kwanta ya ja da kansa a shuka a bayansa, yanzu ga ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa daga nan har Nguru, wani wurin ruwa ya yi yawa wani wurin babu. Shirin Fadama na shekarun 1990 shi ya yawaita mana waɗannan ƙananan rijiyoyin da injina aka ajiye jigo, ya kuma taimaki mutane ƙwarai, toh yanzu in kowace rijiya ta samu injin da baya gajiya baya cin kuɗi, dole a koya mana auna ruwa. Ni yanzu fayif nake kai ruwa da shi har bakin fangali maimakon doguwar kwata da ke shanye rabi a hanya, kuma ina rufe gindin tattasai da bambaron shinkafa, ƙasa na daɗewa da danshi sosai.

Kuɗi dai ana sakawa a wannan harka. Shirin ACReSAL kaɗai dala miliyan 700 ne daga Bankin Duniya, na jihohin Arewa 19 da Abuja, don gyaran ƙasa da ruwa da dazuka, kuma bashi ne da ƙasa za ta biya. Noman alkama na rani da aka ƙaddamar a nan Jigawa a ƙarshen 2023 shima da rangwamen rabin kuɗin iri da taki aka yi shi. Roƙona ga duk masu tsara irin waɗannan shirye-shirye shine a cikin kuɗin kowane inji ɗari a cire na guda biyu ko uku a horar da samari biyu a kowace mazaɓa su iya gyara, a ajiye musu kayan gyara a kusa, a kuma kawo kaya kafin Nuwamba. Ni da na karɓa na fi buƙatar wannan akan a ƙara min wani kwalin.

Ga mai tambaya ko ya karɓa, in gonarka bata wuce eka ɗaya zuwa biyu ba, kayan lambu ko alkama kake yi, ruwanka kuma yana kusa, ka karɓa kar ka yi wata-wata, ni nawa ya mayar min da rabin da na biya tun ban gama rani na biyu ba. In shinkafa ce mai faɗi a ƙasa mai yashi, faranti kaɗan ba za su riƙe ta ba sai dai ya zama mataimaki ga na mai. Sannan ka auna zurfin ruwanka a watan Afrilu ba a Disamba ba, domin injin da ke zama a sama baya iya jawo ruwan da ya wuce kamar mita bakwai zuwa takwas, wanda ake zurawa ciki kuma ba zai shiga siririn fayif ɗin rijiyoyinmu na fadama ba sai ka sake haƙa mai faɗi. Mutum biyu a ƙungiyarmu haka ta same su, an basu na zurawa, har yau yana ɗaki a cikin kwalinsa suna tara kuɗin sabuwar rijiya.