Wace manhaja za ka zaɓa don kada bayanan kyamara su ɓace daga hotonka?

Wani biki da na ɗauka a Gwammaja ne ya sa na fara kula da wannan magana. Mu biyu muka yi aikin, ni da yarona, kowa da kyamararsa, tun daga kamu har ɗaurin aure da yini. Da muka gama, yaron ya zuba hotunan gaba ɗaya a wata manhajar rage nauyi da ya sauke kyauta, don su shiga filashi guda. Washegari na zauna zan jera albam, sai na tarar manhajar ta sake musu suna, kuma kowane hoto yana ɗauke da rana ɗaya, wato daren da aka rage su. Katunan kuwa an riga an goge an fita wani aikin da su. Hotuna sama da ɗari takwas, haka na zauna ina duban ɗinkin amarya da duhun lallen hannunta, ina raba na kamu da na yini. "Oga, ai hoton bai canza ba," in ji yaron. Gaskiyarsa, abin da ido ke gani yana nan. Rubutun da kyamara ta ɓoye a cikin fayil ɗin ne ya salwanta.

Wannan rubutun shi ake kira Exif. Masana'antun Japan ne suka fito da tsarin a 1995, kuma yau kusan duk kyamara da waya suna rubuta shi. A ciki akwai rana da lokacin da aka danna, sunan kyamara, irin lens, saurin shota (labulen da ke buɗewa haske ya shiga), buɗin lens, ISO (ƙarfin jin haske), ko an kunna filasha, da ko a tsaye aka riƙe kyamarar ko a kwance. In na'urar tana da GPS, har wurin da aka tsaya yana ciki. Bayan Exif akwai IPTC, wanda kafafen labarai suka tsara don sunan mai hoto, haƙƙin mallaka da bayanin abin da ke cikin hoton, sai XMP, wani tsarin rubuta irin waɗannan bayanan da kamfanin Adobe ya kawo a 2001. Akwai kuma wani lungu da kowane kamfani ke rubuta nasa bayanin da yarensa, ana ce masa MakerNotes. A nan Nikon ke ajiye adadin sau nawa shota ta taɓa bugawa, shi ya sa mai sayen tokumbo yake ɗaukar hoto ɗaya ya duba kafin ya biya. Wannan lungun shi ya fi saurin lalacewa a hannun manhajar da ba ta san shi ba.

Kafin ka sayi komai ko ka sauke komai, yi gwaji ɗaya. Ɗauki hoto guda daga kati, ka gyara shi a manhajar, ka fitar da shi kamar yadda za ka ba mai aiki. A Windows danna shi da hannun dama, shiga "Properties", sannan "Details". In ranar ɗauka da sunan kyamara da lens suna nan, manhajar ta ci rabin jarrabawa. Minti biyar ne, kuma ya fi duk tallan da za ka karanta.

Ni abin da nake fara ba sabon mai hoto shawara a kai shi ne manhajar kamfanin kyamararsa. Canon yana da Digital Photo Professional, Nikon yana da NX Studio, Sony yana da Imaging Edge. Kyauta suke ga mai kyamarar, kuma babu wanda ya kai su sanin MakerNotes, tunda su suka rubuta shi. Launin da ka gani a bayan kyamara shi za ka gani a kwamfuta. Aibinsu biyu ne. Suna da nauyin jiki a kan tsohuwar kwamfuta, kuma kowacce gidansu kaɗai ta sani: in kana da Canon yaronka yana da Nikon, manhaja biyu za ka riƙa buɗewa.

Lightroom Classic shi ne na masu aiki da yawa, kuma a batun bayanai ban ga wanda ya fi shi tsari ba. A wurin fitar da hoto yana tambayarka kai tsaye me za ka bari: haƙƙin mallaka kaɗai, ko shi da bayanin tuntuɓa, ko komai ban da na kyamara, ko komai da komai. A ƙasa akwai akwati na cire wurin da aka ɗauka. Kana iya sa sunanka ya shiga kowane hoto tun lokacin da kake zuba su daga kati. Ba ya taɓa fayil ɗin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ta ajiye kafin kowane gyara, gyaranka yana ajiye shi a kundinsa ko a ƙaramin fayil na XMP kusa da hoton. Ka dai sani cewa JPEG ɗin da ya fitar ba ya zuwa da cikakken MakerNotes, don haka asalin fayil ɗin shi ne madogara. Matsalarsa kuɗi ne. Tun bayan Lightroom 6 Adobe ya daina sayar da shi saye ɗaya, sai biyan wata-wata ko shekara-shekara, kuma wanda kuɗin shigarsa naira ne ya san yadda biyan kuɗin waje ke ci. In kana ɗaukar biki kowane mako, yana biyan kansa. In sau biyu a wata kake fita aiki, ban ga dalili ba. Wanda ake zuba wa mutane a shagunan kwamfuta ba tare da lasisi ba kuwa, ba na ba da shawararsa: hotunan iyalan mutane ne a kwamfutarka, amana ce, bai kamata ka buɗe wa manhajar da ba ka san abin da aka cusa mata ƙofa ba.

Photoshop yana da tarko, kuma na ga ya kama ƙwararru. In ka adana da "Save As" ko "Save a Copy", Exif yana bin hoton. In ka bi ta "Export As", zaɓi biyu kawai zai ba ka, ko babu komai ko haƙƙin mallaka da bayanin tuntuɓa, bayanan kyamara kuwa sun tafi. Haka kuma in ka kwafi hoton ka liƙa a sabon shafi, kamar yadda ake yi wajen haɗa shafin albam ko kalandar biki, sabon fayil ne da bai san kyamara ba.

Ga wanda ba zai biya ba, darktable da RawTherapee sun isa aiki, kuma halal ne ka sauke su kyauta. Dukansu suna karanta RAW na kamfanoni daban-daban, suna kuma barinka ka zaɓi bayanan da za su fita. Koyonsu yana son haƙuri, musamman darktable, don sati na farko za ka ji kamar an sake maka gari. GIMP shi ma a wurin fitarwa yana da akwatunan Exif da XMP da IPTC, sai dai ka tabbatar an yi musu alama. Don rage nauyi ko sauya hotuna da yawa a lokaci ɗaya, XnConvert da IrfanView suna da zaɓin riƙe bayanan asali. Kyauta suke ga amfanin kai, mai studiyo kuwa lasisinsu ya ce ya biya. Da ɗaya daga cikinsu yarona ya yi amfani a wancan daren, da ban kwana ina duban lalle ba.

Duk wadda ka zaɓa, ka haɗa da ExifTool. Wani ɗan Kanada mai suna Phil Harvey ne ya rubuta shi, yana nan tun 2003, kyauta. Ba shi da maɓallai, umarni ake rubuta masa, shi ya sa mutane ke gudunsa, amma layi uku sun ishe ka. Da -tagsfromfile yana kwaso bayanan asalin hoto ya mayar wa wanda aka gyara, muddin asalin yana nan. Da -gps:all= yana share wurin ɗauka ya bar sauran. Da -AllDates yana matsar da lokaci gaba ko baya, kuma wannan ya fi amfani fiye da yadda ake zato: kyamarar tokumbo takan zo da agogon ƙasar da ta fito, mutum ya shekara yana aiki bai saita ba. Ranar Hawan Daushe, in ku biyu ne, ɗaya a Ƙofar Kudu ɗaya a hanya, kuma agogunanku sun saɓa da awa guda, jerin hakimai zai cakuɗe maka. Layi ɗaya zai daidaita su, kuma yana barin kwafin asali a gefe kafin ya taɓa komai.

Irin fayil ɗin da ka sauya zuwa shi ma yana da tasiri. JPEG da TIFF suna riƙe Exif lafiya lau. PNG sai a 2017 aka ƙara masa wurin Exif, kuma manhajoji da yawa har yanzu ba sa rubutawa. BMP ba shi da wurin sam. HEIC na iPhone yana da cikakkun bayanai, amma shafukan intanet masu sauya shi zuwa JPEG ba duka ke dawo da su ba, ga kuma ɗora hoton mutane a inda ba ka san mai shi ba. Ka lura da bayanin launi ma. In ka ɗauka da tsarin launi na Adobe RGB aka cire wannan bayanin, hoton da za a wanko maka zai fito da jan atamfa da koren leshi sun koɗe. Mayar da shi sRGB, tsarin launi na gama-gari, kafin ka kai wanki.

Mafi yawan asarar da nake gani a Kano ba ma a kwamfuta take faruwa ba, a WhatsApp take. In ka tura hoto a matsayin hoto, yana matse shi ya cire Exif. Tura shi a matsayin "Document", zai isa yadda yake. Facebook da Instagram ma abin da mutum ya sauke daga can ba ya zuwa da bayanan kyamara, hoton fuskar waya (screenshot) kuwa sabon abu ne gaba ɗaya. Filashi, kebul da Xender suna kwafar fayil ne ba tare da sun taɓa cikinsa ba. Wanda ke son shiga gasa irin World Press Photo ya sani ana iya neman asalin fayil daga kyamara don tantancewa, kuma ranar da wani ya ɗauki hotonka na marinar Ƙofar Mata ya ce nasa ne, asalin nan ne shaidarka.

Abu ɗaya ne nake cirewa da gangan, wato wurin ɗauka. Hoton buɗar kai ko na suna da aka ɗauka da waya a cikin gida yana iya ɗauke da GPS da zai kai baƙo har ƙofar gidan. Irin wannan ne ya tona maɓoyar John McAfee, mai ƙirƙirar manhajar tsaron kwamfuta da 'yan sanda ke nema, a Guatemala a 2012, hoto ɗaya da 'yan jarida suka ɗora ba tare da goge GPS ɗinsa ba. Don haka kwafi biyu nake fitarwa. Na ajiyata yana da komai, yana kan faifai biyu tare da RAW ɗinsa, kuma ba na goge kati sai na buɗe su na gani. Wanda zan ba Hajiya ta raba wa dangi yana da sunana da ranar ɗauka, amma babu wurin da aka tsaya.