Zangon karatu biyu ina riƙe jerin littattafan darasina a Zotero

Shekara takwas ke nan ina koyar da tarihi a wata jami'a a nan Kumasi, kuma har zuwa bara jerin littattafan da nake ba ɗalibai yana cikin wani fayil ne na Word da na gada daga malamin da ya riƙe darasin kafin ni. Kowace shekara in buɗe shi, in canza kwanan wata a sama, in ƙara littafi ɗaya ko biyu a ƙasa, in tura wa wakilin aji ya watsa a WhatsApp. Da muka zama mu biyu a kan darasin, ni da wata abokiyar aikina, sai fayil ɗin ya hayayyafa. Nata daban, nawa daban, ga kuma na uku da mai fotokwafi na bakin ƙofar makaranta yake sayarwa, wanda ashe na 2019 ne. Ranar da wani ɗalibi ya kawo min aikin gida ya jingina shi kacokan a kan wata maƙala da na daɗe da cirewa daga jerin, na ce to, ya isa haka nan.

Wata ma'aikaciyar laburare ce ta nuna min Zotero. Ba sabuwar manhaja ba ce, tun 2006 aka fitar da ita daga Jami'ar George Mason ta Amurka, kuma ba don jerin karatun aji aka yi ta ba. An yi ta ne don mai bincike ya tara madogaransa wuri guda ya riƙa saka su cikin rubutunsa. Akwai waɗanda aka ƙera musamman don wannan aikin, irin su Leganto da Talis Aspire, amma su jami'a ce ke biyan kuɗinsu ta haɗa su da kundin laburarenta, malami ɗaya ba zai wayi gari ya ce ya sa wa kansa ba. Zotero kuwa kyauta ce, ka sauke a kwamfutarka ka fara, ba sai ka jira wani kwamiti ya zauna ba. Duk wanda ya san yadda takarda ke kwana a ofisoshinmu ya san wannan kaɗai ba ƙaramin abu ba ne.

Darasin nawa na 'yan aji uku ne, kan tarihin zango, wato unguwannin fatake baƙi, da fataucin goro tsakanin ƙasar Asante da ƙasar Hausa. Na buɗe rukuni a Zotero, wato wurin tara littattafai na haɗin gwiwa, da sunan darasin, na yi wa kowane mako folda tasa, sannan na fara zuba littattafai. A nan ne ta fara burge ni. Akwai wata 'yar alama a sama mai kama da sandar tsafi, in ka danna ka rubuta lambar ISBN ta bayan littafi ko lambar DOI ta maƙala, sai ta je ta kwaso sunan marubuci da shekara da maɗaba'a da kanta. Littafin Enid Schildkrout na 1978 a kan mutanen zangon Kumasi, wanda na shafe shekaru ina rubuta sunan mai shi da kuskuren harafi, ya shigo cif. Akwai kuma wani ɗan maɓalli da ake ɗora wa Chrome ko Firefox, in kana kan shafin maƙala a rumbunan maƙalu na intanet irin su JSTOR ko AJOL ka danna shi, ta faɗa cikin foldar makon da ka zaɓa. Da yammacin wata Asabar, tsakanin la'asar da isha'i, na gama fiye da rabin jerin.

Abin da ya fi yi min amfani shi ne alamomin launi. Tana ba ka damar sa wa alama tara launi. Ni biyu kawai na ɗauka, ja ga wanda karanta shi wajibi ne kafin a shigo aji, shuɗi ga na ƙarin haske. A ƙarƙashin kowane littafi kuma ina liƙa ɗan bayani: babi kaza kawai, ka lura da abin da ya ce game da masu masauki, kada ka wahalar da kanka da teburan ƙarshe. A da, jerina shafi huɗu ne na sunaye a jere kamar kuɗin makaranta, ɗalibi ya duba ya ji gabansa ya faɗi ya ajiye. Da na zo sa jan launi sai na ga ashe ni kaina ban taɓa zama na tantance wanne ne dole ba. Wasu makonnin na tarar na jera abu bakwai, kuma a gaskiya biyu nake yin tambaya a kansu.

To amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Sandar tsafin nan sai abin da ke da lamba take ganewa, kuma mafi daɗin abin da nake koyarwa ba shi da lamba. Kundin digirin da wani ya rubuta shekaru arba'in da suka wuce yana kwance a kan kanta, takardun da na ɗauko hotonsu a ma'ajiyar tarihi ta Manhyia, ƙananan littattafan da aka buga a Zariya ko a nan Ghana tun kafin a fara damuwa da ISBN, duk sai da na zauna na shigar da hannu. Ba laifin manhajar ba ne, abin da ba a taɓa sa wa rajista a intanet ba babu inda za ta samo shi. Amma wanda zai fara ya sani tun wuri, in fanninsa na gida ne, rabin aikin yatsunsa ne za su yi.

Waƙoƙin Alhaji Umaru na Kete-Krachi su suka fi ba ni aiki. Malamin nan haifaffen Kano ne, ya zauna a Salaga, ya bar ta bayan yaƙin basasar 1892, ya rasu a Kete-Krachi a 1934, kuma akwai kwafin rubuce-rubucensa a Cibiyar Nazarin Afirka da ke Legon. Manhajar tana da nau'in shigarwa na rubutun hannu, da gurbin sunan ma'ajiya da lambar da aka ajiye shi a ciki, wannan ya yi daidai. Sai dai da na rubuta sunansa a gurabe biyun da ta saba bayarwa, na sunan dangi da na yanka, na fitar da jerin sai na ga "Umaru, A.", wato Alhaji ya koma sunan yanka an taƙaita shi. Na yi dariya ni kaɗai a ofis. Daga baya na gano akwai wani ɗan akwati a gefen sunan, in ka danna shi gurabe biyun su zama ɗaya, sunan ya fito yadda muke faɗarsa. Duk mai koyar da abin da ya shafi malamanmu ya nemi akwatin nan tun ranar farko. Haruffa masu lanƙwasa da rubutun Larabci kuwa ba su ba ni matsala ba ko kaɗan.

Kuskure biyu na yi, dukansu nawa ne. Na farko, na ɗauka komai kyauta ne ba iyaka. Bayanan littattafai dai kam ba su da iyaka, ko dubu nawa ka zuba. Fayilolin PDF ne ke da ma'auni, megabait 300 a kyauta, kuma duk abin da aka ɗora a rukuni a kan mai rukunin ake lissafa shi, wato ni. Yaron da ke hidimar ƙasa a sashenmu ya kai wasu babuka aka ɗauki hotonsu da launi, kowanne ya yi nauyi kamar buhun goro, kafin mako na huɗu wuri ya cika. Ƙarin wuri da dala ake saye, dala 20 a shekara kan gigabait 2. Ba kuɗi ne mai yawa ba, amma daga aljihuna zai fito. Na zaɓi in sauke masu nauyin, in bar adireshin maƙala kawai ga duk abin da ɗalibi zai iya buɗewa ta hanyar rajistar laburare. Hakan ya ma fi min kwanciyar hankali, don Ghana na da dokar haƙƙin mallaka ta 2005, kuma ɗora littafin mutum sukutum a raba wa aji ba abin da zan so a same ni da shi ba ne.

Na biyu ya fi ban tsoro. Na bar wa duk ɗan rukuni ikon gyara. Wata Litinin na buɗe na tarar mako na biyar wayam. Wata ɗaliba ce ta zo bayan an tashi, murya ƙasa-ƙasa.

"Malam, don Allah ka yi haƙuri. Na gama karantawa ne na goge, na ɗauka a wayata kaɗai zai fita."

Allah ya taimake ni, abin da aka goge yana zama a kwandon shara kwana 30 kafin ya tafi, na dawo da su duka. Ranar na mayar da ikon gyara hannun mu biyu kawai, na kuma ce mata ko ba komai na samu shaidar mutum ɗaya ya karanta.

Maganar ɗalibai ita ce inda zan rage wa manhajar maki, ko in ce inda na rage wa tunanina. Na ɗauka kowa zai buɗe asusu ya shiga rukuni. Waɗanda suka shiga ba su kai rabin aji ba. Yawancinsu da waya suke komai, kwamfuta sai an aro, wasu daga Aboabo ko Asawase suke hawa tirotiro kullum, intanet ɗin makaranta ba ya bin su gida. Wakilin aji ya faɗa min ba kwana-kwana: "Malam, bandil ne matsalar. In ka turo a WhatsApp kowa zai gani." Gaskiyarsa. Yanzu na mayar da rukunin na fili amma shiga sai da izini, wato kowa zai iya ganin jerin ta adireshi ɗaya ba tare da asusu ba, fayiloli kuwa sai 'yan rukuni. Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci ina danna foldar mako mai zuwa, in ce ta fitar min da jerin, in manna a WhatsApp. Minti biyu ne. Bambancin da da shi ne yanzu tushen guda ne, in abokiyar aikina ta canza wani abu da safe, da rana yana gabana.

Zotero ba ta gaya maka wa ya buɗe me, kuma ba ta sanar da laburare cewa littafi kaza kwafi ɗaya ne a kanta alhali aji guda ke nemansa. Waɗancan na jami'a da na ambata suna yin irin wannan. Ni dai har yanzu da ƙafata nake zuwa in gaya wa mai laburare. A ɗaya gefen kuma, komai yana cikin kwamfutata, ranar da aka ɗauke wuta ko intanet ya yi gardama ina ci gaba da aiki, in ya dawo ta daidaita da kanta.

Ga malamin da ke raba darasi da wani, ko mai darussa uku huɗu da ke maimaituwa kowace shekara, ina ba shi shawara ya gwada, amma ya fara lokacin hutu, kada ya bari sai an buɗe makaranta. Mai littafi ɗaya tal da yake bi babi-babi ba ya buƙatarta. Zangon da ya wuce na kwafe rukunin gaba ɗaya don sabon aji, na cire abu shida na ƙara huɗu kafin shayina ya huce. Sannan na buga sabon jerin na kai wa mai fotokwafi da hannuna, na roƙe shi ya yaga na 2019. Ya ce in bari ya sayar da sauran kwafi goma sha biyun da suka rage tukuna.