Madubin USB mai "1000x" wajen tantance ƙwarin ambrosiya

Madubin nan mai ƙara girman ƙananan abubuwa da ake jonawa da kwamfuta ko waya, mai ƙananan fitilu takwas a bakinsa, ya cika kasuwar intanet da sunaye iri-iri, amma kusan duk ƙira ɗaya ce. "1000x" ɗin da ke jikin kwali, wato ƙara girma ninki dubu, romon baka ne. Sa'ar dai aikin ƙwarin ambrosiya ba ya buƙatar haka, ninki 30 zuwa 50 ya wadatar.

Ƙwarin nan suna huda reshe su shuka fumfuna a ramin, ita suke ci, ba itacen ba. Galibinsu ba su wuce milimita 2 zuwa 4 ba, ido kawai ba ya raba su.

Inda madubin ya yi rawar gani shi ne raba manyan rukunoni. Ɗora ƙwaron rubda ciki. In kansa ya fito fili, jikin dogo siriri, ɗan gidan Platypodinae ne, irin su Euplatypus parallelus. In kan ya shige ƙarƙashin garkuwar wuya, Scolytinae ne. Sai ka birkice shi ka dubi tushen ƙafafun gaba: da tazara tsakaninsu, Xylosandrus, a manne, wajen Xyleborus za ka nufa. Xylosandrus compactus, mai busar da ƙananan rassan kofi da koko, baƙi ne mai sheƙi, macen ba ta kai milimita 2 ba, ƙofar raminta kuma yawanci a ƙarƙashin reshe take. Xylosandrus crassiusculus ya fi shi girma, ja-ja ne, shi ne wanda dusar da yake turowa ke tsayawa a jikin itace kamar tsinken sakace.

Matsalar tana gangaren ƙarshen fukafuki, kuma can ne asirin yake. Xyleborus ferrugineus ba ya wahala, manyan ƙayoyinsa biyu suna fitowa sarai. Amma tsakanin Xyleborus affinis da Xyleborus perforans, abin dubawa shi ne gangaren dusu-dusu ne ko mai sheƙi, fitilun madubin kuwa daga sama suke dukan ƙwaron kai tsaye, komai sai ya yi ƙyalli. A kashe su ɗungurungum, a haska tocila daga gefe, a tare hasken da farar takarda. Kuma kada a duba ƙwaro jiƙe. Wanda aka ciro daga itanol (barasar da ake adana ƙwari a ciki) mai kashi 70 a bar shi kan tishu ya bushe, domin danshi na kwantar da gashi, ya mai da dusu-dusu mai sheƙi.

Mariƙin madubin kam abin takaici ne. Da ka taɓa zoben saiti hoton ya goce, sai an ɗaure gindinsa a allo da salatif. Madubin ba ya kuma fito da duk ƙwaron tas a hoto ɗaya, don haka a ɗauki uku: ta sama, ta gefe, ta baya, kowanne da 'yar rula a ciki. Ninkin da ke rubuce a zoben ba abin dogaro ba ne wajen awo.

Kafin ka biya, tabbatar wayarka na karɓar OTG, wato tana aiki da na'urar USB da aka jona mata. Malamin gona zai more shi har matakin jinsi, wato raba Xylosandrus da Xyleborus. Sunan nau'i da za a sa a rahoto kuwa, a tura samfurin ga masanin ƙwari mai madubin ido biyu, kuma mata za a tura: mazan Xyleborus da Xylosandrus ƙanana ne, ba sa tashi, jagororin tantancewa da siffar mace aka gina su.