Gidan gungume don hutun sanyi: wanne ya cancanci kuɗinka?

Da zarar Disamba ta kama, 'yan'uwanmu mazauna Amurka, Kanada da Turai sukan fara cigiyar inda za su kai iyali hutun ƙarshen shekara. Hoton da ya fi ɗaukar ido kuwa shi ne na ɗan gidan gungume a gindin tsauni, dusar ƙanƙara ta lulluɓe rufi, wuta na ci a murhu. Sha'awar ba banza ba ce. Bangon itace yana da ƙamshi, yana kashe amon sauti, kuma ginin ya daɗe yana raya mutane a ƙasashen sanyi. Mutanen Suwidin da Finlan da suka sauka bakin kogin Delaware tun daga 1638 su ake dangantawa da kai shi Amurka. Sai dai a shafukan haya kowane gida mai launin katako sunansa ɗaya, alhali abin da za ka biya wa kuɗi ɗumi ne, hoto kuwa ba ya nuna ɗumi.

A fara da bango, domin iri uku ne ke yawo a kasuwa. Akwai na gungume sukutum, wanda aka fere da hannu aka jera kan juna, kowane da kaurinsa da kullinsa, aka cike tsakaninsu da farin liƙi. Akwai na gungumen inji, wanda aka gyara daidai wa daida, kowane ya zauna daram a kan ɗan'uwansa. Na uku gida ne irin na kowa, mai rufin hana sanyi a cikin bango, aka manna masa rabin gungume daga waje. Duba kusurwar ginin a hoto za ka gane. A na gaskiya bakin gungumen yana sarƙe da juna, ana ganin zoben shekarun bishiyar, kuma bangon ciki da na waje itace guda ne.

Abin da masu talla ba sa faɗa shi ne, itace ba gwanin tare sanyi ba ne. A lissafin Ma'aikatar Makamashi ta Amurka, bangon gungume mai kaurin inci 6 yana samun maki 8 da ɗoriya a ma'aunin R, wanda ake auna riƙe zafi da shi, bangon gidan yau da kullum kuwa yana kai wa wajen 14. Ƙarfin gungume yana wajen nauyinsa: yana shan zafi da rana ya riƙa sakinsa da dare, kamar yadda soron ƙasa ke yi da hunturu. Amma wannan sai gidan ya riga ya ɗumama. Idan ya yi mako babu kowa, ka iso da magariba, daren farko da rigar sanyi za ka kwana. Ga kuma tsufa: gungume yana bushewa ya motse, ginin ya ɗan sauka, kafofi su buɗe a gefen taga da ƙofa. Shi ya sa a ganina mai ƙananan yara ko tsofaffi ya ɗauki na inji mai kauri, ko ma na mannawar, bai yi asara ba. Na hannu ya fi kyau nesa ba kusa ba, amma sai wanda ake kula da shi. Karanta ra'ayin waɗanda suka kwana a watan Janairu, ka bar na watan Yuli.

Maganar wuta ta fi ta bango muhimmanci. Buɗaɗɗen murhun dutse shi ne ya fi ƙawata falo, shi ne kuma ya fi ɓarna, domin yawancin zafinsa ta bututun hayaƙi yake ficewa, har ya ja iskar ɗakin mai ɗumi ya tafi da ita. Gabanka na gasuwa, bayanka na rawar ɗari. Rufaffen murhun ƙarfe mai ƙofar gilashi ya fi shi amfani sosai, itace kaɗan zafi mai yawa, sai dai jikinsa na ƙuna, dole a sa ido kan yaro mai rarrafe. A Finlan akwai wanda ya fi su duka, ƙaton murhun dutse ko bulo da ake hura wa wuta na 'yan awanni, a kashe, ya ci gaba da ba da ɗumi har washegari. Gidajen haya da yawa a Amurka kuma murhun gas gare su, maɓalli kawai za ka danna. Ko wanne ne, tambayi mai gida abu uku kafin ka biya: akwai na'urar ɗumama gida ban da murhun, itacen yana cikin kuɗin haya ko saye za ka yi, kuma akwai na'urar da ke ƙara idan gubar kabon monoksaid ta taru? Wannan ta ƙarshe ba abin wasa ba ce. Gubar ba ta da wari, ita ce ke kashe mutane a gida idan an kwana da gawayi ko janareto a rufaffen ɗaki. Gidan da ba shi da na'urar, ka wuce shi komai arharsa.

Sai tsarin ɗakuna. Yawancin waɗannan gidaje falo ne mai dogon rufi, da ɗan bene a sama marar bango marar ƙofa, amma a talla sai a ƙirga shi cikin ɗakunan kwana. Zafi can yake taruwa, na ƙasa na jin sanyi na sama na gumi, kuma duk motsin da aka yi kowa ya ji. Ga ma'aurata su kaɗai babu laifi. Idan da surukai ko yara manya a tafiyar, ƙirga ɗakuna masu ƙofa kawai. Buta kuwa ka sa ta a jaka tun daga gida.

Wuraren da aka fi nufa sun bambanta ƙwarai. Gatlinburg da Pigeon Forge a jihar Tenesi suna bakin gandun Great Smoky Mountains, wanda ya fi kowane gandun ƙasa a Amurka baƙi, sama da miliyan 12 a shekarar 2024. Gidaje sun yi yawa, don haka akwai zaɓi, kuma sanyin da sauƙi. Amma dusar ƙanƙara ba tabbas ba ce a cikin gari, hanyoyin hawa zuwa gidajen kuma masu gangara ne, in suka daskare ƙaramar mota ba ta hawa. Kuɗin shara da haraji sukan ɗaga farashin da ka fara gani, sai ka duba jimillar a shafin ƙarshe. Tun 2023 kuma ajiye mota a cikin gandun na buƙatar takarda, dala 5 a rana. Naman halal a birnin Knoxville da ke kusa za ka saya kafin ka hau.

Arewacin Finlan, wajen Rovaniemi da Levi, wata duniya ce. Can ne ake gini da kelo, itacen da ya mutu a tsaye ya bushe shekara da shekaru har ya koma ruwan toka, kuma kusan kowane gida da ɗakin wankan tururi. Dusar ƙanƙara tana nan jibge, maginan kuma don sanyin da ke wuce digiri 20 ƙasa da sifili suke gini, saboda haka gidajensu sun fi aminci wajen ɗumi. Tsadarsa ta fi, musamman makon Kirsimeti, kuma a ƙarshen Disamba hasken rana a Rovaniemi bai cika awa 3 ba, azahar, la'asar da magariba suna bin juna kut da kut. Wanda ke da halin jira ya bari sai ƙarshen Fabrairu ko Maris, lokacin yini ya yi tsawo kuma ƙanƙarar ba ta fara narkewa ba.