Gargaɗi kan masu tallar maganin da zai “warkar da cutar fata har abada”

Ina jan hankalin masu fama da cututtukan fata irin su soriyasis, lufus da femfigus, da iyalan da ke jinyarsu, game da wasu mutane da ke tallar man shafawa da ƙwayoyi a intanet, suna cewa haɗin itatuwa ne zalla kuma yana kawar da ciwon kwata-kwata. Waɗannan cututtuka suna tasowa ne idan garkuwar jiki ta juya tana yaƙar jikin mai ita, kuma magungunan da likitoci ke bayarwa suna rage ƙarfin garkuwar ne domin ciwon ya lafa. Ciwo ne da ake lallaɓawa shekara da shekaru, don haka duk wanda ya yi alkawarin warkarwa cikin mako biyu ya riga ya fara da ƙarya.

Abin da ya sa damfarar ke cin mutane shi ne, da farko maganin yana aiki. Na ga haka ga wata 'yar'uwata mai soriyasis, wadda ta sayi wani mai a kwalba marar sunan kamfani, marar jerin abin da aka haɗa shi da shi. Cikin kwanaki kaɗan ɓawon da ke gwiwar hannunta ya zube, ƙaiƙayi ya tafi, har ta daina zuwa asibiti bisa shawarar mai sayarwar. Bayan watanni fuskarta ta kumbura ta yi zagaye, fatar hannunta ta yi siriri har ana ganin jijiyoyi, nankarwa ta fito mata a cinya da hamata. Da man ya ƙare, ciwon ya dawo fiye da da, ya bazu inda bai taɓa zuwa ba. Likitan fata da ya duba ta ya ce alamun duk na wanda ya daɗe yana amfani da sitiroyid mai ƙarfi ne, wato maganin da ke danne kumburi da garkuwar jiki. Har yau ina jin ciwon yadda muka taya ta murna a makon farko.

Wannan zamba ba sabuwa ba ce. A 1997 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi kan wani magani mai suna Skin-Cap da masu soriyasis ke rububinsa, bayan an gano yana ɗauke da sitiroyid mai ƙarfi wanda ba a rubuta a jikinsa ba. Sitiroyid magani ne na gaske, likitoci suna amfani da shi kullum, amma da awo da iyakar lokaci. Idan aka ɓoye shi a cikin haɗi, mutum bai san nawa yake sha ko shafawa ba, alhali yana iya jawo hawan jini, ciwon sukari, raunin ƙashi da saurin kamuwa da cututtuka. Mafi haɗari, idan aka daɗe ana shan sa, jiki yana rage samar da nasa sinadarin na kotisol, wato sitiroyid ɗin da jiki ke yi da kansa, ta yadda tsayar da shi farat ɗaya zai iya jefa mutum cikin halin rai kwakwai mutu kwakwai.

Akwai kuma masu sayar da magungunan asibiti na rage garkuwa ba tare da takardar likita ba, suna cewa gwaje-gwajen jini ɓarnar kuɗi ce. Wannan magana tana iya kashe mutum. Metotireksat, misali, sau ɗaya a mako ake shan sa don cutar fata, kuma an rasa rayuka saboda shan sa kullum bisa kuskure. Yana taɓa hanta da ɓargo, yana kuma illata ɗan tayi, shi ya sa ba a ba mai ciki. Siklosiforin yana buƙatar a riƙa auna ƙoda da hawan jini a kai a kai. Kafin a fara da yawa daga cikinsu sai an binciki tarin fuka da ciwon hanta nau'in B, domin cutar da ke kwance tana iya farkawa idan garkuwa ta yi ƙasa. Mai tura magani ta saƙo ba ya yin ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Salon masu tallar kusan ɗaya ne. Suna nuna hotunan “kafin” da “bayan” waɗanda ba a san na waye ba, suna ƙin faɗin abin da ke cikin haɗin da sunan sirri ne, sannan idan jiki ya fara rikicewa su ce dattin ciwon ne ke fita, a ƙara saye. Wanda ya fi damuna shi ne umarnin da suke bayarwa na a ajiye maganin likita, domin mai lufus da ya yi haka yana iya rasa ƙodarsa ba tare da ya ji wani zafi da zai faɗakar da shi ba.

Wanda ya riga ya daɗe yana shan irin waɗannan ƙwayoyi kada ya tsayar da su da kansa. Ya ɗauki kwalbar da ragowar maganin ya kai wa likita, ya faɗa masa tun yaushe ya fara da yawan da yake sha, domin a janye shi a hankali, a kuma kai rahoton mai sayarwar ga hukumar kula da magunguna ta ƙasarsa.