Kifin Gwangwani: Titus da Geisha a Kan Sikeli

A Katsina ta shekarun 1980 zuwa 1990, kifin gwangwani ba cimar kowace rana ba ce. Sai an yi baƙon kunya, ko maigida ya dawo daga tafiya, ko ranar ziyara a makarantar kwana, inda ɗalibin da aka kawo wa gwangwani biyu kan wuni da tarin abokai. A gidajen ma'aikata yana jere cikin kabad kusa da madarar Peak da Bournvita, mabuɗin kuma yana ƙugun uwargida. Yau kowane shagon kayan shayi, daga Ƙofar Ƙaura har Babbar Kasuwa, yana da shi. Sai dai tun da naira ta faɗi a 2023 ya fara komawa matsayinsa na da, domin kaya ne na shigowa daga waje.

Titus sardin ne daga Maroko, gwangwani shimfiɗaɗɗe mai giram 125. Idan aka tsiyaye man, kifin da ya rage wajen giram 90 ne, yawanci guda uku ko huɗu. Namansa a tsuke yake, ga gishiri daidai, ƙayarsa kuma ta yi laushin da za a tauna, saboda a cikin gwangwanin ake dafa shi bayan an rufe, da zafin da ya wuce na tafasasshen ruwa. Masu zare ƙayar su zubar asara suke yi, nan sinadarin ƙarfafa ƙashi yake.

Geisha kuwa dogon gwangwani ne, ƙaramin giram 155, babban 425, kifi gunduwa-gunduwa cikin miyar tumatir. Abin dariya, kifin da ke cikinsa dangin wanda masu kifin ƙanƙara ke kira "titus" ne, shi kuma Titus na gwangwani ba ruwansa da wannan kifin.

A biredi babu haɗi, Titus ne gaba. Ga biredi matsakaici, gwangwani ɗaya ya isa: a tsiyaye rabin man a ajiye, a dagargaza kifin da cokali mai yatsu, a sa rabin albasa yankakkiya ƙanana, attarugu ɗaya, dafaffen ƙwai biyu, a ɗiga lemon tsami. Kuskuren da aka fi yi shi ne juye man duka, a kuma shafa Blue Band. Biredin sai ya jiƙe ya dame a hannu, maiƙon ya gundure mutum tun bai ci rabi ba. Man da aka ajiye ya yi wa suyar ƙwai ko Indomie.

Geisha tukunya yake so. Miyarsa da ruwa-ruwa take, da ɗan zaƙi, cinta haka da sanyi ba ya gamsarwa. Ledar taliya mai giram 500 tana buƙatar ƙanana biyu ko babba ɗaya. Uwargida, ki fara soya albasa da jajjagen tattasai da attarugu, da 'yar citta da tafarnuwa, ki tsiyaye miyar gwangwanin a ciki ta soyu har mai ya taso, sannan ki tsaida ruwa. Kifin ki riƙe shi gefe, sai saura minti biyar a sauke ki jera shi a sama, ki rufe. Dafaffe ne tun daga kamfani. Idan ya shiga da wuri narkewa zai yi, ƙarni ya bi tukunyar baki ɗaya, kuma ba wanda zai ga gunduwa a farantinsa. A rage dunƙule da gishiri, kifin ya zo da nasa.

Don miyar gida mai mutum goma, duka biyun ba su ci kuɗinsu ba. Busasshen tarwaɗa ko kifin ƙanƙara sun fi auki nesa ba kusa ba.

Wajen saye ne ake buƙatar ido. Gwangwanin da murfinsa ya kumbura, ko ya yi tsartuwa da aka buɗe, a zubar, ko ɗanɗanawa kada a yi. Iskar ƙwayoyin cuta ce ta kumbura shi, gubar irin wannan kuwa tana iya kisa. Lotsawa a gefe da sauƙi, amma idan ta taɓa bakin da aka naɗe murfin, iska na iya shiga. Tsatsa ma haka. A watannin Afrilu da Mayu zafin Katsina kan haura digiri 40, don haka a guji wanda aka baje a tebur cikin rana, kifinsa kan yi laushi, man ya canza ɗanɗano. A ce wa mai shago ya ɗauko na cikin katan. A duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi, a kuma karanta sunan harafi-harafi, saboda akwai masu kwaikwayon launin kwalin. Idan an buɗe ba a cinye ba, a juye ragowar cikin kwano mai murfi. Inda wutar firji ba ta tsayawa, kada ya kwana.