Haɗi na gida ko na kanti: ni dai na haɗi zan ce

Malam, tsakanin ka haɗa sikirin mai batir da hannunka da ka sayi na kanti, ka haɗa. Sharaɗi ɗaya ne: ya zama ka iya liƙi da dalma, ko kana da mai gyaran da ka amince da shi.

Allon nawa daga wata laftof da uwar bod ɗinta ta ƙone na ciro shi, inci 15.6. A bayan kowane irin wannan allo akwai takarda mai lambar samfuri, da ita ake nemo bod ɗin da zai karɓi HDMI ya tura hoto. Mahaɗin tsofaffin alluna galibi LVDS ne mai fil 40, na baya-bayan nan eDP mai fil 30, kuma bod ɗin wannan ba ya hawa kan wancan. Ɗauki hoton lambar kafin ka shiga kasuwar Computer Village a Ikeja, ko ma ka tafi da allon a gwada a gabanka.

Batir shi ne inda aikin yake. Bod ɗin 12V yake so, shi ya sa ake jera ƙwayoyin batir samfurin 18650 guda uku a layi: 12.6V idan sun cika, wajen 9V idan sun kusa ƙarewa. Ni shida na sa, layi biyu, kamar yadda suke a cikin batirin tsohuwar laftof. Idan kowanne na 2500mAh ne, ka samu kusan 55Wh, allon kuwa da bod ɗinsa ba su cika wuce wat 8 ba in ba ka ƙure haske ba, ka ga awa shida ke nan ko kusa. Ka sa ƙaramin bod mai daidaita wuta a 12V, don wasu alluna kan fara ƙiftawa idan ƙarfin batir ya sauka.

Abin da mutane da yawa ke kuskurewa: BMS, wato bod ɗin da ke kare batir, ba caja ba ce. Aikinta ta yanke wuta idan caji ya wuce kima, ko batir ya zube sosai, ko wayoyi suka haɗu. Cajar daban take, wadda aka yi wa layin uku, mai tsayawa a 12.6V. Akwai mai karɓar USB-C ta ɗaga wutar da kanta, ita ce ke cikin nawa. Cajar TP4056 da za a yi ta miƙo maka a kasuwa ta batir ɗaya ce, ba ta wannan aiki ba.

Ranar da na san darajar sikirin nawa, muna tsakiyar kallon ƙwallo a Agege NEPA ta ɗauke. Dikodar ma 12V take ci, sai na jona ta a jikin batirin sikirin, na dasa shi kan benci a ƙofar shago. Kafin janareton maƙwabta su gama tari su tashi, mu har an koma fili, masu shayi da 'yan acaba sun yi mana zobe.

Na kanti kuwa, siriri ne, ba nauyi, kebul ɗaya ya ishe shi, wannan ba musu. Na taɓa riƙe mai batir a ciki, batirin ya kumbura ya ɗaga gilashin, kuma a liƙe yake da gam, ba wanda ya yarda ya buɗe. Nawa in ƙwaya ɗaya ta mutu, ita kaɗai zan canza.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu batir, a Ikeja ne ko a Alaba. Duk 18650 da aka rubuta wa 9900mAh ƙarya ce tsagwaronta, na ƙwarai ba ya wuce wajen 3500mAh. Wasu tsofaffin na kwance suke sake wa riga su ce sabo ne. Na gaske yana kai giram 45 ko kusa, na jabu za ka ji shi sakayau a hannu. Tafi da mitarka ta awon wuta ka auna kowanne, kuma kada ka gauraya sabo da tsoho a layi ɗaya. Yaran da ke tare mutum a bakin titi suna "oga me kake nema" ma, wuce su ka shiga shago mai ba da rasit.

In da sikirin za ka riƙa shiga motar haya ta danfo kullum, yi masa gida na katako mara kauri ko roba mai tauri, gilashin ba ya jure matsi. Ka bar ramukan iska ta wajen batir, kuma kada ka bar shi a caji cikin mota da rana.